Ta faɗi cikin aji, an ce a riƙe ta gida

Maman Barira:
Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana. Ku yi haƙuri da tsawon saƙo, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Ɗiyata Barira shekararta 11, tana CM1, aji biyar na firamare. Ranar Alhamis da hantsi wani yaro ya shigo a guje ya ce in zo lakwal, Barira ta faɗi. Ko mayafi ban tsaya nema ba, zanen goyo na yafa. Na tarar da ita kwance bakin ƙofar aji, rigarta jiƙe sharkaf don an kwarara mata ruwa, bakinta duk jini, haƙorin gaba ya ɓalle rabi. Wai cokali aka tura mata don kada ta haɗiye harshe. Yara sun ja baya can nesa suna kallo, wata ta toshe hanci da hijabi, an kuma zuba ƙasa inda yawunta ya zuba. Da ta farka ba ta san abin da ya faru ba, kai kawai take cewa yana mata ciwo, ta yi ta barci har la'asar.

Wannan ne karo na uku. Na farko cikin azumin bara da asuba, na biyu bayan babbar salla tana wanke-wanke. Da yake a gida ne muka ja bakinmu muka yi shiru. Shekara uku baya, da damina, ta yi zazzaɓin da ya taɓa mata kai, kwana huɗu tana asibiti ba ta san wanda ke kanta ba, Allah ya tashe ta. Ko da haɗi, ko babu, ni dai ina ta tunani.

Yanzu darakta ya ce in riƙe ta gida sai ta warke, don iyayen yara sun fara magana. Uwar mijina ta ce iska ce, a kai ta ƙauye wajen mai magani. Babanta direba ne, yana hanyar Agadas, ya ce in bi abin da Iya ta ce. Don Allah wanda ya san abin nan ya ba ni shawara.

Zulai Mokoyo:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ce. Sannu Maman Barira.

Hajiya Rakiya:
Ɗiyata, ki ji ta uwar mijinki. Wanga abu ba na likita ba ne. Ki samu malami na ƙwarai a yi mata ruƙiyya, a riƙa turara mata habbatus-sauda da magariba, kuma ki hana ta hita tsakar rana da wanka bayan isha'i. Allah shi kawo sauƙi.

Majo Issufu:
Maman Barira, sannu da jinya. Ni ma'aikacin lafiya ne, shekara 14 ina aiki a gidan likita na ƙauye cikin yankin Madarunfa. Ban ga yarinyar ba, ba zan yanke hukunci ta waya ba. Amma abin da kika zayyana, faɗuwa har sau uku babu zazzaɓi a jiki, ta farka ba ta tuna komai, sai ciwon kai da barci, ya yi kama da farfaɗiya ƙwarai. A wajen aikinmu, in mutum ya yi irin wannan sau biyu ko fiye a ranaku daban-daban, kuma ba zafin jiki ko saukar suga ya jawo ba, sunanta ke nan.

Ga yadda abin yake. Mu Hausawa jijiya ɗaya muke kira, amma iri biyu ce a nan: akwai ta jini, akwai ta saƙo, wadda ke fitowa daga ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya ta bazu cikin jiki duka. Motsi, gani, ji, magana, numfashi, duk ta nan umarninsu ke bi, da wata 'yar wutar lantarki mai rauni, bi da bi cikin tsari. Farfaɗiya ita ce lokacin da wani gungu na ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suka saki wutar nan gaba ɗaya a tare. In abin ya tsaya wuri guda, sai ka ga hannu kaɗai na fizga, ko yaro ya ƙura ido yana tauna baki, kana kiransa ba ya amsawa. In ya game ƙwaƙwalwa duka, mutum ya sandare, ya faɗi, ya yi ta jijjiga. Mafi yawa minti ɗaya zuwa biyu sai ya lafa da kansa.

Tambayarki kan zazzaɓin nan tana kan hanya. Zazzaɓin cizon sauro in ya hau ƙwaƙwalwa yakan bar tabo, daga tabon ne faɗuwa kan taso bayan watanni ko shekaru. Haka sanƙarau ke yi, haka doguwar naƙuda in jariri ya rasa iska, haka buguwar kai a haɗarin babur. Wajen rabin masu ita kuwa ko an bincika ba a gano musabbabi.

Sai maganar cokali. Ina roƙon duk wanda ke wannan zaure ya ji ni: mutum ba ya haɗiye harshensa. Ba ya yiwuwa. Cokali da sanda da yatsa ba abin da suke yi sai karya haƙori da yanka dasashi, ga shi kun gani a bakin yarinyar nan. Ruwan da ake ɗurawa kuwa huhu yake tafiya. Abin yi shi ne a janye duk abin da zai ji masa ciwo, a sa zane ko jaka ƙarƙashin kansa, a sassauta wuyan riga, kada a danne shi, da jijjigar ta lafa a juya shi ya kwanta kan haƙarƙarinsa don yawu ya zubo waje. A duba agogo. In ya wuce minti 5, ko ya sake wani bai farka daga na farko ba, ko mai ciki ce, ko cikin ruwa ya faɗa, sai asibiti ba jira.

Hajiya Rakiya:
Majo, ban ƙi taka ba, amma ku mutanen likita komi kun ce ƙwaƙwalwa. Mu da munka girma garin ga mun ga abin da ido ya gani. In ba iska ba ce, mi ya sa kullum kusa ga wuta ko ruwa suke hwaɗuwa? Wa ke tura su? Akwai wata yarinya unguwarmu tun muna ƙanana, gulbi ya ci ta, kuma ruwan bai kai gwiwa ba.

Majo Issufu:
Allah ya ƙara girma Hajiya. Allah ya jiƙan yarinyar. Suna faɗuwa ko'ina, bisa tabarma, cikin barci, cikin aji kamar Barira. Sai dai wadda ta faɗi kan tabarma ba wanda ya ji labarinta, wadda ta faɗa murhu kuwa gari duka ya ji. Kuma ki duba ina 'yan matanmu ke wuni: bakin murhu, bakin rijiya, bakin gulbi wajen wanki. Wanda hankalinsa ya gushe, ruwan kwano ma ya isa ya kashe shi.

Lawali Kabu-kabu:
Majo ni fa maganar yawun ce ta dame ni. Tun muna yara an ce in ka tsallaka yawun mai farfaɗiya ko ƙuda ya sauka kansa ya sauka bakinka ka ɗauka. Kwanaki a bakin tasha wani ya faɗi, wallahi mu kusan ashirin muna tsaye ba wanda ya matsa, kansa na bugun kwalta. Har yanzu abin na cikin raina. To da gaske ba a ɗauka?

Majo Issufu:
Ba a ɗauka Lawali. Ba ta yawu, ba ta fitsari, ba ta numfashi, ba ta cin abinci kwano ɗaya. Ni da hannuna na share bakin masu ita ban san iyaka ba.

Ramatu Tela:
Salamu alaikum. Ban taɓa rubutu a nan ba, karatu kawai nake. Yau na kasa yin shiru.

Maman Barira, ni ce Barira shekara ashirin da suka wuce. Ina da 13 na fara faɗuwa, bayan sanƙarau da na yi cikin wata bazara. Abin da aka fara yi shi ne aka ware mini kwano da moɗa. Har yau ina ganin kwanon, koren kwano ne mai tsaga a baki, ana kife shi bisa katanga nesa da na kowa. Ƙannena an hana su kwana tabarma ɗaya da ni. An cire ni daga lakwal ina CM2, ni da nake ta biyu a aji.

Shekara shida ana yawo da ni. An yi hayaƙi har idona ya kumbura, an yi rubutu, an yi tsaga a goshi, an yanka baƙin akuya, babana ya sayar da gonar da ya gada. Ban zargi iyayena ba, so ne ya sa su, abin da suka sani ke nan. Ina da 19 na faɗa cikin wutar tuwo. Hannuna na hagu daga gwiwa zuwa yatsu ya ƙone, yatsu biyu sun manne har yau. Wannan ƙunar ce ta kai ni asibiti, ba farfaɗiyar ba. Can wata likita da ke wanke mini ciwo ta tambayi yadda aka yi na ƙone. Da innata ta faɗa mata, sai ta ajiye almakashi ta ce, shekara shida, ba wanda ya ce muku akwai ƙwaya? Aka sa ni kan Gardénal, ɗaya kowane dare.

Wata uku na farko na faɗi sau biyu, aka gyara mini awon maganin. Daga nan shiru. Na koyi ɗinki, na yi aure, 'ya'yana uku, ba wanda ya taɓa faɗuwa cikinsu. Sau ɗaya abin ya dawo, a 2023 lokacin da aka rufe boda, magani ya yi wuya, na zaga farmasi huɗu ban samu ba, na yi kwana tara babu. Ranar ta goma na faɗi gaban keken ɗinki. Tun daga nan ba na bari ya rage mini ƙasa da na sati biyu.

Ki kai ta likita tun hannunta na lafiya. Ki yi addu'a, ki yi sadaka, amma ki kai ta. Kuma don girman Allah kada ki bari a ware mata kwano.

Zulai Mokoyo:
Ramatu kin sa ni kuka. Allah ya saka miki da alheri da kika buɗe wannan.

Maman Barira:
Yaya Ramatu, jiya Iya ta ware mata kofi. Ban iya cewa komai ba. Yarinyar ta dube ni ta sunkuyar da kai.

Malam Sanusi Bagalam:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Tunda an ambaci ruƙiyya, bari in faɗi abin da na sani, don kada a ɗora wa addini abin da bai ce ba.

Ya tabbata cikin Buhari da Muslim cewa Abdullahi ɗan Abbas ya nuna wa almajirinsa Aɗa'u wata mata baƙa, ya gaya masa 'yar Aljanna ce. Ita ce ta zo wajen Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ta ce tana faɗuwa kuma jikinta na buɗewa, ya roƙa mata Allah. Ya ba ta zaɓi tsakanin haƙuri da Aljanna ko addu'ar waraka. Ta zaɓi haƙuri, ta roƙi dai a yi mata addu'a kada ta riƙa buɗewa, ya yi mata. Ku lura, tana cikin jama'a, sahabbai sun san ta, ana nuna ta don girmamawa. Ba a kore ta ba, ba a guje ta ba.

Malamai irin su Ibnul Ƙayyim sun kasa faɗuwa gida biyu, ta shafar aljani da ta lalurar jiki, kuma sun ce ta jiki aikin likitoci ce. Ni ba na musun samuwar aljanu, Alƙur'ani ya tabbatar da su. Amma wa ya ba ni ikon in dubi yarinya in ce tata ta aljani ce, alhali an san ta yi zazzaɓin da ya taɓa kanta? Hadisi ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Iyaye su karanta mata Fatiha da Falaƙi da Nasi su tofa, wannan ba ya buƙatar kuɗi ko tafiya ƙauye, kuma ba ya hana shan ƙwaya. Duk mai maganin da ya ce a bar na asibiti sai nasa kaɗai, ko ya ce a yi duka don a fitar da wani abu, a guje shi.

Hajiya Rakiya:
Allah shi gafarta Malam, na ji, kuma na ji Ramatu. Amma ku hwaɗa ma ta gaskiya duka. Ƙwayar ga tana kashe jiki. Ɗan ƙanwata da anka ɗora ma ita kullum barci, kai ya yi nauyi, karatu ya gagara. Kuma an ce in ka hwara sai mutuwa. Ɗiya mace ce, gobe aure za ta yi, wane gida za a kai ta da kwalin magani?

Majo Issufu:
Hajiya a nan kin faɗi abin da yake akwai, ba zan ɓoye ba. Gardénal, wato fenobarbital, tsohon magani ne, tun 1912 ake amfani da shi, mai araha, yana aiki, amma yana sa barci da nauyin kai, wasu yara kuma sai ya sa su rigima da rashin zama wuri ɗaya. Sau da yawa jiki na sabawa bayan 'yan makonni. In bai saba ba a koma wajen likita, akwai Tégrétol, akwai Dépakine, akwai Keppra, kowanne da irin faɗuwar da ya fi dacewa da ita. Abin da ba a yi shi ne yanke magani rana ɗaya. Wannan na iya jawo faɗuwa mai tsawo wadda ba ta tsayawa, ita ce ke kisa.

Kuma ba dole ne sai mutuwa ba. In mutum ya yi kamar shekara biyu ko fiye bai faɗi ba, likita kan duba ko za a riƙa ragewa sannu a hankali har a daina. Yara da yawa na rabuwa da shi. Wasu kuma sukan zauna kansa kamar mai hawan jini.

Tunda kin kawo maganar aure, ga abin da ya kamata kowace mace mai wannan lalura ta sani. Dépakine na iya yi wa ɗan tayi illa mai girma, don haka budurwa ko matar aure ta gaya wa likita tun kafin ciki, ba bayan ya shiga ba. Gardénal da Tégrétol kuma suna rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa. Mai ciki kada ta tsayar da maganinta da kanta don tsoro, ta je a duba mata.

Ramatu Tela:
Hajiya, mijina ya san komai kafin a kai kuɗin gaisuwa. Ni na gaya masa da bakina, na nuna masa hannuna. Wani kafin shi ya ji ya gudu, ban ji daɗi ba a lokacin, na yi kuka. Amma gidan da za a kai yarinya a ɓoye musu, ranar da ta faɗi a tsakar gida, wa zai san abin yi? Yanzu in dare ya yi, ko na manta, shi ke cewa kin sha?

Nana Aisha:
Ina gaida iyayena. Ɗaliba ce ni a sashen likitanci na jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Ina so Maman Barira ta san ba ita kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Ta ce har kashi 70 cikin ɗari za su iya rayuwa babu faɗuwa in an gano cutar an ba su maganin da ya dace, amma a ƙasashe matalauta kashi uku cikin huɗu ba sa samun maganin. Shekara shidan da Anti Ramatu ta yi ke nan.

Mu kuma nan muna tsakiyar yankin sanƙarau, wanda ya miƙe daga Senegal har Habasha. Annobar 1996 zuwa 1997 ta kama fiye da mutum 250,000 a Afirka, ta kashe wajen 25,000. A 2010 aka fara rigakafin nau'in A a Nijar da Mali da Burkina Faso, ya yi tasiri ƙwarai, sai nau'in C ya ɓarke mana a 2015. Cikin waɗanda suka kamu da sanƙarau na ƙwayar bakteriya, wajen ɗaya cikin biyar na tashi da wata naƙasa, kurumta ko farfaɗiya ko raunin gaɓa. Shi ya sa in an zo rigakafi, ko an zo rabon maganin kariyar zazzaɓi na yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 da ake yi wata-wata cikin damina, kada a ɓoye yara. Farfaɗiyar wani yaron daga nan ake tare ta.

Hajiya, da girmamawa, ki tuna sunan shan inna. Kakanninmu sun ce Inna ce ke shanye ƙafar yaro, har sunan ya bi cutar. Daga baya aka gano ƙwayar cuta ce ke cin jijiyar laka, aka yi ta ɗiga rigakafi gida-gida, har a 2020 aka tabbatar nau'in daji ya ƙare a Afirka. Yau yara nawa kike gani suna jan ƙasa, in kin gwada da lokacin ƙuruciyarku?

Hajiya Rakiya:
Wannan kam gaskiya ce ɗiyata, sun ragu ƙwarai. Ni dai ban bar cewa akwai iska ba. Amma a kai ta likitan, a haɗa da addu'a.

Lawali Kabu-kabu:
Majo wata tambaya. Cikin abokan aikinmu akwai masu shan Tramol don su jure rana. Wani yaro ya faɗi bisa babur da fasinja a baya, yana kumfa, Allah ya tsare ba mota kusa. Shi ma farfaɗiya ce?

Majo Issufu:
Tramol da kansa yana jawo jijjiga, musamman in an sha da yawa, ko ga wanda bai taɓa faɗuwa ba. Ka gaya masa ya zo a duba shi, kuma ya ajiye babur tukuna, rai biyu yake ɗauka. Mai farfaɗiya kuwa kada ya kusance shi sam, haka rashin barci da giya, duk suna tayar da ita.

Alhaji Mamman:
Ku yi mini afuwa in na karkata kaɗan, amma ciwon ɗaya ne ke cin mu, jinkiri. Yayana ɗan kasuwa ne, shekara 61. Wata Litinin muna rumfa yana ƙirga kuɗi sai takardun suka zube daga hannunsa na dama. Ya buɗe baki zai yi magana, baki ya karkace, kalmar ta ƙi fita. Muka ce mugun iska ya buge shi. Muka kai shi gida, aka yi ta shafa mai da hayaƙi kwana biyu. Da muka kai shi asibiti aka yi hoton kai, aka ce jini ya toshe a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, tansiyonsa 19. Shekara biyar yana da hawan jini, yana shan magani sai in kansa ya yi ciwo. Wata bakwai bayan nan shi ma ya fara faɗuwa irin ta yarinyar nan, dattijo da jikoki. Yanzu yana shan maganin duka biyun, ana yi masa gashi, yana takawa da sanda, amma maganar ba ta dawo daidai ba. Kwana biyun nan da muka yi a gida ba su taɓa barin zuciyata ba.

Majo Issufu:
Allah ya ba shi lafiya Alhaji. Shanyewar ɓarin jiki na cikin manyan abubuwan da ke kawo farfaɗiya ga manya. Hagun ƙwaƙwalwa ke riƙe da daman jiki, kuma ga mafi yawan mutane can magana take, shi ya sa hannu da harshe suka tafi tare. Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ya mutu, magana ta sarƙe, ko ɗaya aka gani farat ɗaya, a nufi babban asibiti nan take, kada a ba shi ruwa ko abinci, kada a ba shi asfirin, don wani toshewa ce, wani fashewar jijiya ce, sai hoto ke rabewa. Duk wanda ya haura 40 ya riƙa awon tansiyo. In ta kai 14/9, wato 140/90, tana maimaitawa, a ga likita.

Mushe Harisu:
Mu dawo kan lakwal, don nan ne abin ya fi ƙona mini rai. Shekara 22 ina koyarwa. Abokan aikina da suka sa cokali ba mugunta suka yi ba, ba wanda ya taɓa koya mana abin yi. Amma riƙe yarinya gida kuskure ne. Na ga yara uku da aka ce su huta sai sun warke, ba wanda ya dawo cikinsu.

Maman Barira, in kin ga likita ki roƙe shi ya rubuta takarda cewa tana shan magani, cutar ba ta yaɗuwa, za ta iya karatu. Ki kai wa darakta, ki nemi a kira shugaban kwamitin iyayen yara ya zauna. Kada ki je ke kaɗai, ki tafi da kawunta ko wani dattijo. In ya ƙi, akwai sufeton makarantu sama da shi. Majo, in an samu rana ɗaya ka zo ka yi wa malamai da yara bayanin da ka yi mana, minti talatin ya isa.

Majo Issufu:
Zan zo in sha Allahu, Asabar nake shigowa gari, in an shirya Litinin da safe sai in kwana. Maman Barira, ki fara da gidan likita na unguwarku su ba ki takardar turawa babban asibiti. Ki tafi da wanda ya ga faɗuwar da idonsa, don mafi yawan ganewar daga labari ake yi. Ki riƙe tsohon karnenta, wato katin asibiti, na lokacin zazzaɓi in yana nan. In ta sake kafin nan, wani ya kula da ita, wani ya ɗauki bidiyo da waya don likita kaɗai. Kafin a daidaita ta, ban da hura wuta, ban da jan ruwa a rijiya, in za ta yi wanka kada ta sa sakata.

Maman Barira:
Salamu alaikum. Yau kwana tara da na yi rubutu, na dawo da bayani. Na kira babanta na karanta masa saƙon Yaya Ramatu da na Malam daga farko har ƙarshe. Ya yi shiru, sannan ya ce in kai ta, ya turo kuɗi. Mun je da mushensu, malamin da ya ga faɗuwar, shi ya ce zai raka mu, har ya ba ni haƙuri kan haƙorin. An auna jini da suga da zazzaɓi, likita ya yi tambayoyi kusan rabin awa, ya ce farfaɗiya ce, ya ɗora ta kan magani safe da dare, mu koma bayan wata ɗaya. Yau kwana biyar tana sha. Tana ɗan jin jiri da safe, ban da shi lafiya lau. Na sa ƙararrawa a waya don kada in manta.

Darakta ya karɓi takarda, ya ce ta dawo Litinin, amma iyaye biyu sun ce in ta dawo za su canza wa 'ya'yansu benci. Majo, ya yarda ka zo. Iya kuma ba ta hana maganin ba, sai dai kofin yana nan a ware, kuma ta ce bayan girbi sai an kai ta ƙauye. Ni ba zan iya ja da ita ba, uwa ce.

Malam Sanusi Bagalam:
Alhamdu lillahi. Kada ki ja da ita. Ki sa mijinki ya yi mata magana in ya dawo, daga bakin ɗanta za ta fi ji. Ko an je ƙauyen, maganin ya bi ta cikin jaka, kada a tsallake ko dare ɗaya.

Ramatu Tela:
Maman Barira, ki turo mini kwatancen gidanku ta akwatin sirri. Juma'a bayan an sauko masallaci zan zo gaida Iya, da ƙaramar ɗiyata. Ki dama fura, ki zuba mana a kofin Barira.

Maman Barira:
Na turo Yaya. In kin kawo bakin famfo ki kira ni, sai in aiko ta ta taho da ke.